PlayStation 5 ko kwamfuta a falo?

Malam, ka tambaya wacce ta fi dacewa da falo, PS5 (wato na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 5) ko kwamfutar wasa. In akwai aikin ofis ko karatun yara, sai kwamfuta. In wasa da kallo ne kawai, ɗauki PS5. Wutar da take ci lokacin wasa kusan wat 200 ce, kwamfuta mai ƙarfi kuwa takan haura 400, mai sola zai ga bambancin a batirinsa. PS5 tana da YouTube da Netflix. Amma tsarin ajiyar fayil (format) na filashin finafinanka ya zama exFAT ko FAT32, ba ta karanta tsarin NTFS. Kuma don Allah kada ka cusa ta cikin kabad. Ƙurar hunturu kan toshe mashigar iska, ta yi zafi ta ɗauke ana tsakiyar wasa.