Yaya, ga amsar tambayarki kan tsuntsun da ke rigar ɗanki

Yaya ina wuni, ya gida ya yara, ya sanyin Kano. Na ji saƙonki, kuma na san ba da wata manufa kika yi tambayar ba, damuwa ce irin ta uwa. Abu biyu kika haɗa: wai wane irin tsuntsu ne wannan a suwaitar ɗanki, ko mun fara bin su Kirsimeti ne, sannan me ya sa ake liƙa masa baje a ƙirji ana shelanta wa duniya lalurarsa ta galahanga, wato otizim, maimakon a rufa masa asiri. To bari in yi miki bayani a tsanake tunda ba ke kaɗai ba ce, su Goggo ma sun yi irin wannan tambayar.

Sunan tsuntsun fengwin. Baƙin baya, farin ƙirji, ba ya tashi sama, a tsaye yake tafiya yana rangaji, amma in ya faɗa ruwa ba ki ga gudu ba. Babu shi a littafin Kirista, babu shi a cocinsu, ba abin bauta ba ne ko kaɗan. Abin da ya faru shi ne Kirsimeti a nan Birtaniya tana faɗowa a tsakiyar hunturu, don haka duk wani abu da ke tuna wa mutum ƙanƙara sai 'yan kasuwa su jawo shi su sa a kati da takardar naɗe kyauta da safa da kofin shayi. A 2014 wani babban kanti mai suna John Lewis ya yi tallar Kirsimeti da wani yaro da fengwin ɗinsa Monty, tallar ta karɓu sosai har yanzu ana tuna ta. Abin mamakin ma shi ne tsuntsun ba ɗan arewacin duniya ba ne sam, can kudu yake, Antaktika da tsibiran da ke kewaye, da Kudancin Amurka da Ostareliya da New Zealand, kuma a watan Disamba can lokacin zafinsu ne. Har a nahiyarmu akwai shi Yaya, a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya, yana yawo kan yashi mai zafi bai taɓa ganin ƙanƙara ba, kuma ya kusa ƙarewa, a 2024 aka sa shi a jerin halittun da ke dab da ɓacewa.

Yadda muke yi a nan kuwa, mu Hausawan Edinbura, babban birnin Skotlan, ba mu da yawa, yawanci ɗalibai ne da likitoci da iyalansu. Ba ma kafa bishiya a falo, ba ma zuwa coci, amma yaranmu suna makaranta ɗaya da 'ya'yansu, kuma akwai wata rana a Disamba da ake ce wa kowane yaro ya zo da suwaita mai ado a tara kuɗin sadaka. Yaro ɗan shekara bakwai ba za ki tura shi shi kaɗai da yunifom duk aji sun yi kwalliya ba, ki bar shi da tambayoyin da bai san amsarsu ba. Sai iyaye da yawa suka samu mafita, a saya masa mai hoton fengwin ko dusar ƙanƙara, babu gicciye babu dattijon nan mai jar hula. Akwai waɗanda ko wannan ba su yarda da shi ba kuma ina girmama ra'ayinsu, ni dai ban ga abin da ya taɓa imaninsa ba. Hutun kuma na kowa ne, makarantu a rufe wajen sati biyu, rana ba ta fitowa sai tara saura, kafin ƙarfe huɗu an kira magariba, azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa uku da rabi, to mu ma sai mu taru gidan ɗaya daga cikinmu a yi masa da miyar taushe yara su yi ta guje-guje. Su kansu mutanen Skotlan sai a 1958 Kirsimeti ta zama ranar hutu a hukumance, bikin sabuwar shekara ya fi girma a wajensu.

Amma shi ɗanki ba ruwansa da Disamba, shekara zagaye fengwin ne a bakinsa. Kuma Allah ya kawo mu garin da ya dace da shi, don gidan zu na Edinbura ya yi suna a duniya kan tsuntsun nan, wani kamfanin masu kamun kifin whale na Leith, tashar jiragen ruwan garin, ne ya fara kawo su sama da shekara 100 da suka wuce, a 1919 aka ƙyanƙyashe na farko a nan. Akwai ma wani fengwin a gidan zu ɗin da ake kira Nils Olav wanda dakarun tsaron sarkin Norwe suka ɗauka a matsayin nasu tun 1972, in wanda ke riƙe da sunan ya mutu wani ya gaje shi, a 2023 suka ƙara masa girma zuwa manjo janar, sojoji suka jeru ya bi ta gabansu. Da kin gan shi Yaya a gaban gilashin tafkin nan, abin toshe kunne a kansa, goshinsa dab da gilashi, in ɗaya ya wuce a guje cikin ruwa sai ya kama kaɗa hannuwansa biyu da sauri yana ɗan tsalle, fuskar nan tasa da ba kasafai ake gane abin da ke cikinta ba ta washe gaba ɗaya. Yaron da gaisuwa ke masa wuya zai tsaya ya yi miki bayanin yadda namijin babban fengwin na Antaktika ke ɗora ƙwai kan ƙafafunsa wajen wata biyu cikin tsananin sanyi ba ci ba sha, da yadda suke cure wuri ɗaya suna musanya na waje ya shiga ciki. Likitoci ba su ce mu raba shi da wannan ba, da shi malamarsa ta koya masa lissafi da karatu.

To yanzu maganar bajen.

Abin da gidajen rediyonmu ke kira galahanga, a nan otizim ake ce masa. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba ne, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwar, kuma gado na da hannu sosai a ciki. Ba allurar rigakafi ba ce, likitan Birtaniyan da ya yaɗa wannan maganar a 1998 an gano binciken nasa na bogi ne, a 2010 aka janye rubutun aka kuma hana shi aikin likita. Ina masa addu'a safe da yamma kamar kowane ɗa, amma na daina neman wanda zai cire masa wani abu daga jiki don ba abin da ya shiga. Kuma ba su da ƙaranci, a Birtaniya ana ƙiyasta sama da mutum ɗaya cikin 100, wato wajen 700,000.

Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne a nan manyansu sun tashi sun ce su za su yi magana da bakinsu. A da iyaye da likitoci ne kawai ke magana a kansu, iyaye ne suka kafa babbar ƙungiyar otizim ta ƙasar nan a 1962, cikinsu har da Lorna Wing, likitar da ita ma 'yarta na da shi, wadda ta nuna cewa abin hawa-hawa ne, daga wanda ba ya magana sam har zuwa farfesa a jami'a. Daga shekarun 1990 da intanet ta zo sai masu shi suka fara samun juna, mutumin da ya tashi yana ganin shi kaɗai ne daban a duniya sai ya ga ashe yana da dangi. Yanzu suna da ranarsu da suka zaɓa da kansu, 18 ga Yuni tun 2005, ban da 2 ga Afrilu ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda ƙasar Katar ce ta gabatar da ita. Alamar da kika gani a ƙirjinsa mai kama da takwas a kwance mai launuka, tasu ce, su suka zaɓe ta saboda ba sa son tsohuwar alamar da ke nuna su kamar wani abu da ya ɓace musu. Kuma da yawansu ba sa son a ce suna fama da cuta, sun ce haka suke, da shi suke gani da shi suke ji da shi suke tunani, in an cire shi ba su ne za su rage ba. Shi ya zaɓi bajen da hannunsa, ban tilasta shi ba.

Akwai wani zama da nake kai shi na matasa irinsa, manyansu ne ke gudanarwa. Ɗakin ba a kunna farar fitilar nan mai ƙarfi, ba turare, ba wanda zai ce kalle ni cikin ido in ina maka magana. A bakin ƙofa akwai kati kala uku, kore yana nufin zo mu yi hira, ruwan ɗorawa sai wanda na sani, ja kuma a ƙyale ni yanzu, kuma ba mai jin haushi in ya ga ja. Wani na kai-komo, wata na jujjuya wani abu a hannu, wani da kwamfutar hannu yake magana yana danna hotuna tana furtawa, biyu na zaune gefe da gefe kowa na abinsa kuma a wajensu hira ce suke yi. Ranar da na fara shiga na ga ɗanki ya sauke kafaɗunsa yana numfashi a natse, kuka ne ya zo min wallahi, don ban taɓa ganinsa haka a cikin mutane ba. A jami'ar garin nan ma an yi wani bincike da aka fitar a 2020, aka jera mutane takwas-takwas ana ba na farko labari ya faɗa wa na gaba, sai aka ga layin masu otizim zalla sun isar da labarin daidai da layin marasa shi, inda labarin ya fi zubewa shi ne layin da aka cakuɗa su. Ke nan rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake, mu ma ba ma gane su.

A wajensu na ji inda fengwin ya sake shigowa. Akwai irin da ake kira jentu, da duwatsu suke gina sheƙa, namijin zai je ya zaɓo ɗan dutse a bakinsa ya kawo ya ajiye gaban macen, in bazara ta yi ana ganinsu suna yi a gidan zu ɗin nan har da satar na maƙwabta. Sai masu otizim suka ce ai haka mu ma muke nuna ƙauna, ba mu iya doguwar gaisuwa da daɗin baki ba, amma in na ga wani ɗan abu na tuna da kai zan kawo maka, ganye ne, maɓalli ne, hoto ne a waya. Kamar dai yadda tsohuwa ke ɓantaro goro ta miƙa miki ba tare da ta ce komai ba. Don haka hotunan tsuntsayen nan da yake ta turo miki a WhatsApp ba rubutu ba sallama, kika ce min yaron nan ko gaisuwa bai iya ba, gaisuwar ke nan Yaya, kuma mutanen da yake tura wa ba su da yawa.

Kar ki ɗauka nan aljanna ce. Ana shekaru a layi kafin a duba yaro, kuma cikin manyansu kusan uku cikin goma ne kawai ke da aikin yi. Akwai iyaye a cikinmu da ɗansu ya girma ba ya magana, ba ya barci, yana buga kansa da bango, sai an yi masa komai har abada, kuma wasunsu suna jin zafi in aka ce musu abin alfahari ne, suna ganin masu iya magana sun mamaye fagen. Ina fahimtarsu ƙwarai, mu ma muna da ranakun da hayaniya ke masa yawa ya zube ƙasa yana ihu ba mai iya taɓa shi. Ko a cikin namu ba a rasa masu kallo, wani dattijo ya taɓa tsawata masa ranar Idi wai ya cire abin kunnensa a sahu, bai san da shi ne yaron ya iya tsayawa sallar ba. Amma ɓoyewa ba ta rage ko ɗaya daga cikin wannan wahalar, ƙarawa take. Saboda an faɗa ne makaranta ta ba shi ɗan ɗakin da zai natsu, saboda an faɗa ne a filin jirgi in suka ga igiyar wuyan nan mai furen rana, alamar mai lalurar da ba a gani da ido, wadda aka fara a filin jirgin Gatwick kusa da Landan a 2016, suke bi da shi a hankali.

Kuma shigarsa cikin mutanensa bai fitar da shi daga cikinmu ba. Bahaushe ne, Musulmi ne, yana azumi, tuwon shinkafa na cikin 'yan abincin da yake yarda ya ci.

Yaron maƙwabciyarki da kika ce ya kai shekara huɗu ba ya magana, ba ya waigowa in an kira sunansa, kullum yana jera murafan kwalba, ki lallaɓa uwar ta kai shi ɓangaren yara na asibitin Malam Aminu Kano a fara duba jinsa sannan a duba sauran, kuma don Allah a daina kulle shi a ɗaki in an yi baƙi. Mu kuma in Allah ya kai mu hutun bazara muna nan tafe, abin da zan roƙa tun yanzu shi ne a ware masa ɗaki ɗaya nesa da janareta, a faɗa wa yara kar su rufe shi da runguma a bakin ƙofa, kuma kar kowa ya matsa masa sai ya ci abin da ya ƙi. In ya sake turo hoto ki tambaye shi wane iri ne wannan, zai amsa miki. A gaida Alhaji da su Goggo.