Amsa kan tattara lambobin rasit masu bin juna

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce lambobin rasit ɗinka suna jere daga ƙarama zuwa babba, 101, 102, 103, 107, 108, 115, kana so kwamfuta ta fito maka da 101-103, 107-108, sai 115. Irin wannan aikin na taɓa yi wa wani dillalin masara a Aboabo, nan Kumasi, da yake son sanin rasitan da suka ɓace a littattafan yaransa.

Bin jerin sau ɗaya ya isa. Riƙe lambar farko a matsayin mafarin rukuni, ka riƙa duba kowace lamba da wadda ta gabace ta. In ta ɗara ta da ɗaya tak, ci gaba. In ba haka ba, rufe rukunin, wannan lambar ta zama sabon mafari. Idan jerin ya ƙare, kar ka manta rukunin da ke hannunka bai rufu ba tukuna. A nan 115 ɗinka za ta salwanta, ni ma a nan na fara tuntuɓe.

Akwai wata dabara da nake ƙauna ƙwarai: cire matsayin kowace lamba a jerin daga cikinta, kana ƙirga daga sifili, wato ta farko ka cire 0, ta biyu 1, ta uku 2. 101, 102, 103 duk za su ba ka 101. 107 da 108 su ba ka 104, 115 kuma 110. Duk waɗanda amsarsu ta zo ɗaya, 'yan gida ɗaya ne. A Python, harshen rubuta kod na kwamfuta, enumerate (mai ba kowace lamba matsayinta) da groupby na itertools (mai haɗa masu amsa ɗaya) za su yi maka wannan cikin layi uku; a SQL kuwa, harshen rumbun bayanai, ROW_NUMBER ne ke ba da matsayin.

Amma abin da ya fi ba ni wahala shi ne maimaici. Ranar da na kai wa Alhajin, wato dillalin masarar, sakamako, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan takardar, ya ce, "Ya aka yi 102 ta fito a wuri biyu?" Ashe an shigar da ita sau biyu. Gwada da kanka: 101, 102, 102, 103 za su ba ka 101, 101, 100, 100, rukuni ɗaya ya tsage biyu. Wasu za su ce ka share maimaicin kawai. Ni ban yarda ba, tunda maganar kuɗi ce. Ware su gefe ka nuna wa mai shago, domin rasit biyu masu lamba ɗaya sun fi wanda ya ɓace bukatar bincike.

Ka kuma tabbata lambobin ba a matsayin rubutu suka shigo daga Excel ba, don a jerin rubutu 100 na riga 99 zuwa. Kafin ka miƙa aikin, gwada shi da jeri babu komai, da mai lamba ɗaya, da wanda ba shi da giɓi ko kaɗan. In wani ya ƙi, turo kod ɗin nan mu duba tare.