Silimar harbi mai kujeru masu motsi: wa zai shiga, wa zai jira a waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Muna zaune a Mississauga, kusa da Toronto ta ƙasar Kanada. Idan yara sun samu hutu za mu kai su Niagara, har da surukata da ta zo mana ziyara daga gida. Babban ɗana mai shekara 12 ya tasa mu gaba sai mun shiga wani wasa a titin Clifton Hill, wai ana zama a kujeru masu motsi, a sa tabarau, a riƙa harbin dodanni a allo. Ƙanensa yana da shekara 8, autarsu kuma 4. Hajiya tana fama da hawan jini da ciwon baya. Me ake yi a ciki? Hasken bindigar ba ya cutar da ido? Mene ne ma'anar 6D da 7D da suke rubutawa? Kuma za mu iya shiga gaba ɗayanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya yara, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Ba duka za ku shiga ba. Manyan yaran biyu su shiga tare da babansu ko ke. Hajiya ta zauna a waje. Auta kuwa, ko da tsawonta ya kai abin da suke buƙata, ni dai ba zan ba da shawarar a kai ta wannan ba, kuma dalilina bai shafi bindigar ba ko kaɗan.

Wasan da ɗanki yake nufi shi ne Zombie Attack. Wani kamfani ne na birnin Montreal mai suna Triotech, wanda aka kafa a 1999, yake ƙera irin wannan ɗaki, sunan kayan nasu XD Dark Ride. Akwai irinsa a Pier 39 da ke San Francisco ta Amurka, da manyan kantuna da wuraren shaƙatawa a ƙasashe da dama. Ɗaki ne mai duhu da jerin kujeru da ƙaton allo a gaba. Kowa ya zauna ya ɗaura bel, a ba shi tabarau, ya zaro bindigar roba da ke maƙale a jikin kujerarsa. Fim ya fara, kujera ta riƙa jijjiga da karkata daidai da abin da ke faruwa a allo, fanka na huro iska a fuska, kowa na ta harbi. A ƙarshe a nuno makin kowa da wanda ya zo na ɗaya. Gaba ɗaya 'yan mintoci ne, sau da yawa layin da za a bi ya fi wasan kansa daɗewa.

Lambar nan ta 6D ko 7D kada ta ruɗe ki. 3D gaskiya ne, yana da ma'ana: majigi na haska hoto biyu a kan allo ɗaya, tabarau ya tace su, idon dama ya ga nasa, na hagu ya ga nasa. Da yake tsakanin idanun mutum akwai tazarar kusan santimita 6, ƙwaƙwalwa ta saba haɗa hotuna biyu masu ɗan bambanci ta fitar da nisa da kusa, to wannan ɗabi'ar ake amfani da ita har mutum ya ga kamar abu ya fito daga allo zai cafke shi. Daga nan kuwa sauran talla ne. Wani ya lissafa motsin kujera a matsayin D guda, iska guda, walƙiya guda, harbi guda. Babu wata hukuma da ta tsara wannan lissafi, shi ya sa kayan kamfani ɗaya za ki tarar ana ce musu 6D a wannan gari, 7D a wancan. Mai lamba babba bai fi mai ƙarama tsanani ba.

Bindigar ita ce mafi sauƙin lamari. Ba ta fitar da komai mai taɓa jiki. Irin waɗannan na'urori da haske mai rauni wanda ido ba ya gani suke aiki, dangin wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da shi. Kwamfuta ce ke lissafa inda bakin bindiga ya dosa, sai ta zana ɗigo mai launi a kan allo. Wutar da yaro zai ga tana fita, a cikin fim ɗin aka zana ta. Ki kwantar da hankalinki a kan idanunsu.

Kujerar ce abin dubawa, kuma a nan zan ɗan tsaya, don idan kin gane yadda take aiki za ki iya yanke hukunci a kan kowane wasa irin wannan da kuka ci karo da shi nan gaba. Asalin dabarar daga horar da matuƙan jirgin sama ta fito. Tun 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi a ƙasa, daga baya aka samu dandamali mai ƙafa shida da ke iya motsi ta kowace fuska, wanda D. Stewart ya yi bayaninsa a 1965. Wuraren wasa sun are ta, Disneyland ta buɗe nata babba a 1987, daga nan abin ya bazu.

Kujerar ba ta zuwa ko'ina, motsinta 'yan santimitoci ne. Sirrin yana cikin kunne. A can ciki akwai sassan da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki ya karkata ko yana gudu, kuma waɗannan sassa ba sa iya bambance nauyin da ƙasa ke ja da turin da mutum ke ji idan mota ta fizga. Saboda haka idan kujera ta ɗan kwanta baya, bayanki ya danni majingina, a lokacin kuma allo na nuna ana gudu gaba, sai ƙwaƙwalwa ta yarda cewa gudun ake. Idan ta sunkuya gaba, birki ke nan. Sannan ta lallaɓa ta koma tsakiya a hankali yadda ba za a ji ba, ta shirya wa fizga ta gaba. Fizgar kuwa ta gaske ce, gajeriya mai kaifi, kuma ba ta sallama. Kamar dai a ce mota ta faɗa rami a hanyar burji alhali direba bai gani ba, sai dai nan ana maimaitawa har wasan ya ƙare. Mai lafiyayyen baya dariya zai yi. Wadda ƙashin bayanta ke damunta tana iya kwana uku tana jin jiki.

Shi ya sa allon gargaɗin da ke bakin ƙofar irin waɗannan wurare ke hana mai juna biyu, da mai ciwon baya ko wuya, da mai ciwon zuciya, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba, sau da yawa har da mai hawan jini. Hajiya ta faɗa cikin jerin waɗanda aka hana ta hanya biyu. Na san halin iyayenmu, tana iya cewa ba komai don kada ta ɓata wa jikoki rai, ke kuma da nauyi ki ce mata a'a. Ki bar wa ɗanta ya faɗa mata tun kuna gida. Ga abin da ya dace da ita nan kusa a titi ɗaya: lilon nan na SkyWheel mai tsawon mita 53, ɗakunansa a rufe suke, yana juyawa a hankali, daga sama kuma ana hango gangaren ruwan Niagara duka. Ita da auta sun samu abin yi ke nan.

Mu koma kan auta. Ma'aikata tsawo suke aunawa ba shekaru ba, domin bel ɗin ya kama jiki yadda ya kamata, kuma kowane wuri da nasa ma'auni, ku duba shafinsu kafin ku tashi. Amma sandar awo ba ta auna zuciyar yaro. Fim ɗin na zombi ne, wato gawarwaki ruɓaɓɓu da suka tashi suna bin mutane, kuma da tabarau a fuska a gaban hancinta za su riƙa bayyana, cikin duhu da ƙara mai tsanani. Yarinya 'yar shekara 4 ba ta gama rarrabe abin allo da na zahiri ba. Mafi muni kuma, idan ta firgita ba a fita, tana ɗaure a kujerarta ita kaɗai, ba a yarda a ɗora ta a cinya ba. Mintocin nan kaɗan suna iya jawo miki mako guda na firgita cikin dare. Idan tana son nata harbin, akwai Legoland Discovery Centre a kantin Vaughan Mills, arewa da Toronto, wanda don ƙananan yara aka yi shi. Wasansu na Kingdom Quest a cikin keke ake zama yana tafiya sannu, ana harbin dodannin Lego masu ban dariya, uwa na gefen ɗiyarta.

Tunda na ambaci Vaughan, kada ku rikita wannan da Wonder Mountain's Guardian da aka buɗe a 2014 a Canada's Wonderland, babban wurin wasan da ke garin. Shi ma akwai harbi a allo, shi ma da hannun Triotech a ciki, amma jirgi ne a kan dogo da ke hawa sama da gaske, kuma a ƙarshe ana sakin sa ya faɗo. Wannan wani mataki ne daban.

Na tsakiyar, mai shekara 8, ke kika fi ni sanin sa. Ki tambayi kanki abu biyu. Yana kallon abin tsoro ya yi barci lafiya? Kuma yana amai a mota? Na biyun yana da muhimmanci domin yara 'yan firamare su ne tashin zuciyar tafiya ya fi kamawa. Abin da ke haddasa shi saɓani ne tsakanin ido da kunne. A mota, yaron da ya duƙufa kan waya idonsa na cewa a tsaye ake, kunnensa na cewa tafiya ake. A wannan ɗaki akasin haka ne, ido na ganin gudu mai tsanani, kunne na jin ɗan motsi kawai. Sakamakon ɗaya ne: jiri, zufa mai sanyi, hamma, tashin zuciya. Maganinsa a ciki mai sauƙi ne, ki koya masa tun a waje cewa da ya ji ba daɗi ya rufe ido ya jingina kai, da zarar ido ya daina gani saɓanin ya ragu. Kada a shiga bayan an cika ciki da abinci mai maiƙo, kada kuma a shiga da zarar an sauko daga mota, don tafiyar daga wajenku ta fi awa ɗaya a kan babbar hanyar QEW. A bari ya sha iska tukuna. Wasu iyaye kan ba da Gravol, maganin hana tashin zuciyar tafiya, amma yana sa barci, kuma ban ga hikimar kashe wa yaro jiki yini guda saboda wasan 'yan mintoci ba. Idan kuna son sa saboda tafiyar motar, ku tambayi mai kemis gwargwadon shekarunsa.

Akwai abu guda da ba ki tambaya ba amma wajibi ne in faɗa. Ana yin walƙiya sosai a ciki. Wani kaso kaɗan na masu farfaɗiya hasken da ke ƙiftawa da sauri ne ke tayar musu da ita. A Disambar 1997 yara kusan 700 aka kwasa zuwa asibiti a Japan bayan wani shirin zane a talabijin ya yi ta ƙifta ja da shuɗi na 'yan daƙiƙoƙi. Duk wanda ya taɓa faɗuwa ko sumewa irin wannan a gidanku, kada ya shiga sai likita ya amince. Haka nan yaron da ya taɓa shiga tashin hankali inda aka yi harbi na gaske, ƙarar kaɗai ta isa ta dawo masa da abin, a bar shi ya zaɓa da kansa ba tare da an yi masa gori ba.

Idan ke za ki raka su, ki ɗaure mayafi da kyau saboda fankar, ki soke jakarki inda ma'aikata suka nuna, waya kuma kada ta zauna a cinya. Mai tabarau na likita ba sai ya cire ba, na wasan a kansa ake ɗorawa. Da yake hannu da yawa ke taɓa tabarau da bindigogin, ki tafi da tsumman goge hannu. Wanda kuma ke da harara-garke ko ido ɗaya mai rauni yana iya ganin hoton ba zurfi, wannan ba ya hana shi cin maki.

Ga babban yaya kuwa, tunda shi ya kawo maganar, ki faɗa masa sirrin daga gare ni. Kowace bindiga da launin ɗigonta ko lambarta a allo. Yawancin mutane rabin wasan suke ɓatawa suna bin ɗigon maƙwabcinsu suna zaton nasu ne. Da fim ya fara, ya karkaɗa bindigarsa ya gano wanne ne nasa. Ya manna gwiwar hannu a jikinsa don kada jijjigar kujera ta watsa masa saiti, ya bi ɗigon da ido maimakon leƙa bakin bindiga, kuma kada ya yi rowar harbi. Ki kuma shirya wa abin da zai biyo baya, domin allon maki kowa na gani, kuma ba mamaki ƙanen ya doke yayan, ko su biyun su doke babansu. Za su nemi a sake. Kafin ku biya kuɗi, ku kwatanta tikitin wasa ɗaya da na haɗaka da ake sayarwa a Clifton Hill, wanda ya ƙunshi wasanni da dama har da SkyWheel. Ga yaran biyu na haɗakar kan fi sauƙi idan za su zagaya, Hajiya da auta kuwa a saya musu na lilon kawai.