Amshi, Zabiya da Faifai: Kalmomin da Ke Tare da Waƙar Amada

Wasiƙu uku sun iso mini a kan marigayiya Barmani Choge, mai waƙar amada, wato kiɗan ƙwarya na mata, da matan da suka yi shekaru suna rera waƙa tare da ita, kuma da yake tambayoyin duk sun taru a kan abu guda, na ga ya fi dacewa in amsa su a zama ɗaya.

Ta farko daga wata malamar makaranta ce a Funtuwa, garin da Barmani ta tashi kuma ta rasu a cikinsa a shekarar 2013. Ta ce: "Malam, matan da ke bayan Barmani 'yan amshi ake ce musu, kuma sana'a ce mai daraja. To me ya sa idan ana son a raina mutum sai a ce masa ɗan amshin Shata?"

Malama, bari mu fara da ginin kalmar. Amshi daga aikatau amsa ya fito, kuma sauyin s zuwa sh a gaban wasalin i ƙa'ida ce da ta ratsa harshen, kamar yadda rasa ta ba mu rashi, gasa ta ba mu gashi, fasa kuma ta ba mu fashi. Abin lura shi ne, amsa tana ɗauke da ma'ana biyu: mayar da jawabi, da kuma karɓar abin da aka miƙo, shi ya sa za ki ji an ce "amshi kuɗinka". A ƙasar Sakkwato da Zamfara, inda su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi zamaninsu, 'yan karɓi ake cewa. Wannan ya nuna yadda Bahaushe ya ɗauki aikin: jagora yana miƙo waƙa, su kuma suna karɓa su riƙe masa kafin ya dawo. Abin da suke maimaitawa shi ne masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, suke kira gindin waƙa, baitocin da jagora ke zubawa a tsakani kuma ɗiyan waƙa. Sunan gindi ya dace, domin a kansa ne komai ya tsaya.

Batun ɗan amshin Shata kuwa ya samo asali ne daga salon Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. A yawancin waƙoƙinsa yaransa jimla guda suke nanatawa tun daga farko har ƙarshe, shi kuwa yana ta kawo sabuwar magana a kan kalangu. Daga nan mutane suka ari hoton suka ɗora wa duk wanda ba shi da ta cewa sai abin da babba ya faɗa, musamman majalisar da ke amincewa da duk abin da mai mulki ya aiko mata. Maganar ta zauna daram a harshe, ba kuma zan ce a daina ta ba, amma a ganina ba ta yi wa masu sana'ar adalci ba. Ɗan amshi na gaskiya sai ya san inda numfashin jagora zai ƙare, ya shigo a daidai gaɓar ba tare da ya riga shi ko ya makara ba, ya kuma daidaita muryarsa da ta 'yan uwansa har a ji su kamar bakin mutum ɗaya. A wajen matan amada aikin ya ninka, domin yawanci masu amshin su ne masu kiɗan: hannu yana kan ƙwarya, kunne yana wajen uwar waƙa, baki kuma yana jiran lokacinsa. Duk mai son ya gane nauyin amshi, ya saurari marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda shi kaɗai yake waƙa da kuntuginsa, sannan ya koma kan amada, zai ji yadda muryoyin matan nan suke ba jagora damar hutawa da tunanin baiti na gaba.

Tambaya ta biyu gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Maraɗi: "Na ji ana kiran Barmani zabiya, alhali na san zabiya mutum ne mai farar fata da farin gashi tun haihuwa." Ɗana, kalmomi biyu ne da rubutu ya haɗa su, ma'ana kuma ta raba su, jimla ce take nuna wadda ake nufi. Zabiya a fagen waƙa ita ce macen da ke jan waƙa ana amsa mata, a fada ko a gidan biki. Su ma 'yan amshi, idan aka ce "yaran wance", ba ƙuruciyarsu ake nufi ba, domin a cikinsu akwai masu jikoki. Yaro a nan mabiyi ne a sana'a, kamar yaron maƙeri ko yaron mota.

Wasiƙa ta uku ita ce ta fi jan hankalina. Wani dattijo mazaunin Kumasi ya rubuto cewa jikarsa ta tambaye shi dalilin da ya sa yake kiran waƙar da ke cikin waya faifai, shi kuma ya rasa amsa. Alhaji, amsar tana cikin ɗakin kakarta. Faifai tun asali shi ne abin nan mai faɗi kuma zagayayye da mata ke saƙawa, a rufe ƙwaryar fura ko ta nono da shi, a kuma yi bakacen hatsi. Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa da baƙin farantansa masu juyawa a ƙarƙashin allura, mutane suka dubi siffar suka ce faifan garmaho. Ita kanta garmaho aro ce daga Turanci da harshen Hausa ya lanƙwasa ta, amma faifai tamu ce, sabon aiki kawai aka ba ta. Bayan haka kaset ya zo da nasa sunan na aro, kuma shi ne ya fi yaɗa amada a kasuwanni da tashoshin mota da cikin gidaje, tare da gidajen rediyo irin na Kaduna da aka buɗe a 1962. Da aka koma ga faifan sidi, siffar zagaye ta dawo, sunan ya sake samun mazauni. Yau kuwa ana cewa faifan bidiyo ga abin da ba a iya riƙe shi a hannu, wato ma'anar ta bar siffa ta koma kan abin da aka naɗa.

Abin da ya sa wannan ya burge ni shi ne, kayan kiɗan amada su ma daga wannan ɗakin suka fito. Ƙwarya ce ake kifewa a buga, wata a kan ƙasa, wata kuma a kan ruwa a cikin babban mazubi don ta ba da amo mai zurfi. Kiɗa ne na mata a cikin gida, a ranar suna ko ta aure, wanda Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani suka fitar da shi fili har maza suka san shi. Barmani ta yi wa mata waƙa a kan riƙon sana'a da neman na kai, da haihuwa, da zaman kishi, da harshen da su kansu suke magana da shi idan babu namiji a kusa. Ke nan ƙwarya ta ba da sauti, faifai kuma ya adana shi, kamar yadda ya saba rufe abin da ke cikinta.

Alhajin ya rufe wasiƙarsa da neman bayanin karin maganar da ke cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, yana tambaya ko tana nufin waɗanda ke sake rera waƙoƙin Barmani da kayan kiɗan zamani ɓata lokaci suke yi. A yadda Hausawa ke amfani da ita, ba hukunci ba ce a kan mawaƙa. Ana kawo ta ne idan ana son wanda abu ya faru a kansa ya ba da labarinsa da bakinsa, kamar yadda mai gabatar da baƙo a taro yakan faɗe ta sannan ya miƙa masa magana. Idan kuma aka ɗauke ta a zahirinta aka auna da amada, to sai a tambaya wace ce "mai ita". A zamanin kaset, sunan Barmani kaɗai ake rubutawa a jikinsa, amma kusan rabin abin da kunne ke ji a ciki muryoyin 'yan amshinta ne da bugun hannuwansu, kuma sau da yawa gindin da suke nanatawa shi ne abin da mata suka haddace suke rerawa a bakin murhu, shi ne kuma mutane kan ɗauka su mayar sunan waƙar idan sun je nemanta wajen mai sayar da kaset.