Amsa: Ta ina za mu fara ƙungiyar masu motocin gudu?

Malam, ka tambaya ko ku fara da zaɓen shugabanni. A ganina wannan zai iya jira. Abin da ba ya jira doka ɗaya ce: babu tsere a titin jama'a, wanda ya karya a sallame shi ko da Porsche 911 yake ja. Mai zafin kai ɗaya ya isa ya ɓata sunan kowa.

Ranar fita a jere, ku sa mai haƙuri a gaba, gogagge a baya, ku faɗi wuraren tsayawa tun kafin a tada inji, don kada wanda danja ta tare ya riƙa taka wuta yana neman cim muku.

Masu son gwada gudu su haɗa kuɗi su kama filin tsere na yini. Kafin shiga a duba tayoyi, musamman kuma man birki: yana shan danshi, in ya tsufa sai ya tafasa da zafi, ka taka birki ya nutse babu kamu. Hular kwano dole ce.

Asusun ƙungiya kuwa, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a cire ko sisi.