Tambayi Masu Gyara: Bawul ɗin Amfilifaya da Saitin Bayas

Salamu alaikum. Ina kaɗa jita a wata ƙungiya da ke wasa a gidajen biki. Amfilifayata Marshall ce mai wat 50, mai bawul (kwalaben gilashin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi) EL34 guda biyu. Na sayi sababbi, mai gyara ya saita su a shagonsa. Ran da muka yi wasa da babban janareto sai na leƙa baya na ga cikinsu ya yi jajir, can kuma fiyus ya ƙone. Ko jabu aka sayar mini?
*Mai jita daga Nasarawa Gwong, Jos*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi saurin ɗora wa mai kaya laifi. Mu fara da abin da ka gani: ɗan hasken ruwan lemo da ke can tsakiyar bawul na hita ne, dole ya kasance. Shuɗin haske a jikin gilashi ma ba matsala ba ne. Amma idan wannan ƙarfen mai ruwan toka da ya kewaye komai, wato filet, ya yi ja, to wuta ta yi masa yawa, a kashe nan take.

Abin da ke riƙe da linzamin wannan wutar shi ne bayas. Wuta ce ta nigetib da ake kai wa girid, wato siririyar wayar cikin bawul da ke sarrafa yawan wutar da ke ratsa shi, ta ƙafa ta 5 a gindin bawul, a EL34 tana kaiwa wajen bolt 35 zuwa 42. Idan ta ƙaru, bawul ya ja wuta kaɗan ya yi sanyi. Idan ta ragu, ya ja da yawa ya yi zafi. Kowane bawul yana da iyakar zafin da filet ɗinsa zai iya ɗauka, na EL34 wat 25 ne. Masu gyara sun saba tsayar da shi a kashi 70 cikin ɗari na wannan iyaka lokacin da ba a kiɗa, wato wat 17.5.

To ga inda muke zargin abin ya ɓaci. Wannan lissafi na mutanen da wutar gidansu ke zaune wuri ɗaya ne. A takarda wutarmu bolt 230 ce, amma duk mai shago a Jos ya san takan sauka 200 ko ƙasa da haka idan unguwa ta ɗora kaya. A ce mai gyaranka ya yi saitinsa wutar tana 200, ya tsayar a kashi 70 cif. Da ka jona a janareton da ke ba da 230, komai na ciki ya tashi da kashi 15. Zafin filet kuwa ba da kashi 15 yake tashi ba, domin ƙarfin wutar da yawan wadda bawul ke ja tare suke hawa. Idan aka buga lissafi, ƙarin ya kai wajen kashi 40. Wat 17.5 ya koma kusan 25 tun ba ka taɓa tsirkiya ba. Da ka fara kiɗa da ƙarfi, sai ja.

Saboda haka a ƙasar nan mu ba ma yarda da saitin da ba a fara da awon wutar bango ba. A auna soket ɗin bango tukuna. Idan ba ta kai 225 zuwa 235 ba, a bi ta stabilaiza ko bariyak, na'urar da ake murɗawa a ɗaga wuta ko a sauke ta, a kawo ta 230 kafin a taɓa komai. Kuma ga amfilifayar da ke yawon biki, yau wutar Nepa gobe janareton da ba ka san halinsa ba, kashi 60 muka fi so. Kunnen mai rawa ba zai ji bambanci ba, aljihunka kuwa zai ji.

Kafin ka sa wasu sababbi, a tabbatar ba amfilifayar ce ke da ciwo ba. Idan bawul ɗaya ne kaɗai ke ja, a kashe, a bari su huce, a musanya musu mazauni. In jan ya bi bawul, shi ne ya lalace. In ya tsaya a mazaunin farko, a duba kafasitar da ke kawo sauti zuwa ƙafa ta 5 ko tana yoyon wuta, a duba rizistar sikirin, wato girid na biyu, da ke ƙafa ta 4, wadda a Marshall yawanci kilo-om 1 ce mai wat 5, sannan a matse bakin soket ɗin bawul in ya saki. Kuma kada wani ya naɗa maka waya a madadin fiyus. Fiyus ɗin nan da ya ƙone shi ya ceci taransifomarka.

Barkanku da aiki. A cocinmu muna da Fender Twin Reverb mai 6L6 guda huɗu. Ɗaya ya tsage, saman gilashinsa ya yi fari fat. Kuɗi ya yi wuya. Ba za mu iya sayen ɗaya tak mu cike gurbin ba? Me ya sa masu sayarwa ke nacewa sai an sayi waɗanda aka tagwaita?
*Mai kula da kayan kiɗa, Bukuru*

Barka kadai. Farin nan alama ce iska ta shiga. A lafiyayyen bawul wurin baƙi-baƙi ne mai sheƙi kamar madubi. Wannan kam ya gama aiki.

Masu sayarwa suna da gaskiya, ko da yake wasu kan wuce gona da iri. A irin wannan amfilifaya bawul ɗin gida biyu suke, kuma aikinsu irin na mata biyu ne masu lugude a turmi ɗaya: wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. Gefe ɗaya ya ɗauki rabin sauti, ɗayan ya ɗauki ragowar, su haɗu a taransifomar fitar da sauti. Wutar da gefen biyu ke ja tana ratsa taransifomar ta fuskoki masu adawa, don haka in sun yi daidai sai su soke juna. In wani gefen ya fi ja, ƙugin wuta ya fito a sifika, ƙarfen taransifoma ya cika da maganaɗisu ta gefe guda, bes ya rasa nauyi. Ga kuma matsalar saiti: maɓallin bayas ɗaya ne ga dukkansu. Ka saita don tsofaffin da suka gaji, sabon ya ƙone. Ka saita don sabon, tsofaffin su yi sanyi.

Bawul biyu daga masana'anta ɗaya, rana ɗaya, ba lalle su ja wuta iri ɗaya ba. Tagwaitawa ita ce a ɗora su a na'urar gwaji a kan wuta ɗaya da bayas ɗaya, a auna abin da kowanne ke ja da kuma yadda yake amsa canjin girid, a haɗa waɗanda suka yi kusa. Shi ne lambar da kuke gani an rubuta a kwali ko a gindin bawul. Lambar wani ɗan kasuwa ba ta aiki da ta wani, domin kowa da irin wutar da yake gwaji da ita.

Ga jita ba a bukatar su zo ɗaya sak. Tazarar miliamfiya 3 zuwa 5 tsakaninsu ba abin damuwa ba ce. In ta kai 10, ba mu yarda ba.

Idan kuɗin huɗu bai samu ba, ku sayi tagwaye biyu. Ku auna tsofaffin ukun, ku ɗauki biyun da suka fi kusa da juna. A yawancin amfilifaya masu huɗu, biyun hagu gefe ɗaya ne, biyun dama ɗaya gefen. Don haka sababbin su zauna a bakin waje, na ɗaya da na huɗu, tsofaffin su zauna a tsakiya. Kowane gefe ya sami sabo ɗaya da tsoho ɗaya. A yi saiti da wanda ya fi ja a cikinsu. Dabara ce ta kafin kuɗi ya zo, amma tana aiki. Abu ɗaya mai gyaranku ya lura: wasu Twin Reverb na shekarun 1970 maɓallinsu daidaita gefe da gefe kawai yake yi, ba ya ɗaga bayas ko sauke shi gaba ɗaya.

Ranku ya daɗe, iyayen gidana. Ni yaron shago ne, na iya gyaran amfilifayar tiransista amma ban taɓa saita mai bawul ba. Maigidana ya ce da kunne ake yi. Don Allah ku nuna mini yadda ake yi da mita.
*Ɗan koyo daga Dilimi*

Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Kunne yana gane sauti mai daɗi, amma ba ya gane filet ɗin da ke dab da iyakarsa, kuma bawul mai zafi sosai yakan yi daɗin ji har ranar da zai mutu. Ka faɗa wa maigidanka haka cikin ladabi.

Ka fara sanin cewa wannan ba irin wutar da ka saba ba ce. A ciki akwai bolt 400 zuwa 500, kuma manyan kafasitoci suna riƙe ta ko an zare filogi. Tana kashe mutum. Kafin ka sa hannu, ka sauke ta ta cikin rizista mai kilo-om 100, wat 5, na tsawon minti ɗaya, ka auna ka ga ta yi ƙasa da bolt 10. Kada ka yi tartsatsi da sukudireba. In wuta na kunne, hannu ɗaya ne a aiki, ɗayan a aljihu, da takalmin roba, ba zobe ba agogo. Mitarka ta zama mai ɗaukar bolt 600 ko 1000. Karon farko kuma kada ka yi kai kaɗai a shago.

A EL34, 6L6 da 6V6, katod, wato ƙarfen tsakiya da hita ke gasawa, yana ƙafa ta 8 kuma an jona shi da jikin ƙarfen amfilifaya. Cire wannan wayar ka sa rizista mai om 1, mai daidaiton kashi 1 cikin ɗari, wat 1 ko 2, a kowane soket. A EL34 ƙafa ta 1 da ta 8 a haɗe suke, ka bar su a haɗe a saman rizistar. Amfanin om 1 shi ne duk milibolt ɗin da mita ta nuna a kanta, miliamfiyar da bawul ke ja ke nan.

Kafin ka sa bawul, kunna ka auna ƙafa ta 5 a kowane soket, ka murɗa maɓallin bayas zuwa inda nigetib ya fi yawa. In babu nigetib sam, tsaya nan, akwai gyara. Sannan ka kashe, ka sa bawul, ka jona sifika mai om ɗin da aka rubuta. Kada ka taɓa kunna ta da bawul a ciki babu sifika, taransifomar fitar da sauti ce za ta tafi, kuma ita ce mafi tsada a ciki. Boliyum a sifili, ba jita a jone. Ka maƙala bakin mita a ƙafa ta 3, wato ta filet, da ɗan kilif tun wuta na kashe. Ƙafa ta 2 ta hita ce, in tsinken mita ya zame ya haɗa su, soket ya ƙone.

Kunna ka bar ta minti 10 zuwa 15, da sanyin hunturun Jos ma ka ƙara. Karanta wutar filet. A ce 450 ce. Wat 25 na EL34, kashi 60 ɗinsa wat 15. Raba 15 da 450, ka sami miliamfiya 33. Kashi 70 kuma 39. Ga 6L6GC iyakar wat 30 ce, a bolt 450 ka nemi 40 zuwa 46. Ga 6V6GT wat 14 ne, a bolt 420 ka nemi 20 zuwa 23. Murɗa a hankali. Yayin da bawul ke ƙara ja, wutar filet tana ɗan sauka, sai ka sake aunawa ka sake lissafi. Awon katod ya haɗa da 'yar wutar sikirin, miliamfiya 2 zuwa 5, wato ainihin zafin filet bai kai abin da ka lissafa ba, kuma wannan kuskure ne ta ɓangaren lafiya.

Kada tsoro ya sa ka yi sanyi da yawa. Ƙasa da kashi 50, za ka ji sautin ya yi siriri da wani ƙaiƙayi a wutsiyarsa lokacin da yake mutuwa, domin gefe ɗaya ya saki kafin ɗayan ya karɓa. Sabon bawul kuma yana motsi, don haka ka ce wa mai kaya ya dawo bayan mako biyu na kiɗa a sake dubawa. Rubuta wutar bango, wutar filet da awon kowane bawul a takarda ka manna a ciki.

Zan iya cire 6L6 in sa EL34, tunda ƙafafunsu ɗaya?
*Mai karatu daga Tudun Wada*

Shiga soket ba shi ne dacewa ba. Hitar 6L6GC amfiya 0.9 take ja, ta EL34 kuma 1.5, taransifomar wuta za ta iya gaza ɗauka. Bayas ɗinsu ma daban ne. A tsofaffin Fender kuma an yi amfani da ƙafa ta 1 a matsayin wurin ɗaure rizista, alhali EL34 yana bukatarta a haɗe da katod. Sai dai in amfilifayar tana da makunnin sauyawa daga masana'anta, ko ƙwararre ya sake mata waya.

Vox AC30 ɗina ba ta da maɓallin bayas. Yaya zan yi?
*Mai jita daga Rayfield*

Ba ta bukata. Bawul ɗinta EL84 guda huɗu suna zaune a kan rizista ɗaya mai kusan om 50 a katod, ita ke samar da bayas da kanta: in sun ƙara ja, wutar da ke kan rizistar ta tashi ta danne su. Sa huɗun da aka tagwaita kawai, domin tunda rizistar ɗaya ce, in guda ya yi rauni sauran ukun ne za su kwashi kasonsa. In kana so ka duba, auna wutar kan rizistar ka raba da ƙimarta: bolt 10 a kan om 50 ya ba da miliamfiya 200, wato 50 kowanne. Da ma can da zafi aka ƙera ta, tana dab da iyakar wat 12 na EL84 ko ma ta ɗan haura, shi ya sa ba ta haƙuri da wutar da ta wuce 230. Ka riƙa bi da ita ta stabilaiza, ka bar mata fili a baya kada ka jingina ta da bango, kuma idan za a canja bawul a duba kafasitar da ke gefen wannan rizistar, zafi yakan busar da ita.