Ranar da na gama gudun fanfalaƙi na Legas

Ɗan'uwa, ka tambaya wace nasara ce mutum ya samu a wasan sha'awa wadda har yau ba ta bar zuciyarsa ba. Tawa ba kofi ba ce, ranar da na gama gudun fanfalaƙi na Legas ce, kilomita 42 da ɗoriya.

Wata huɗu na yi ina shiri a Kano. Da an idar da sallar asuba sai in ɗaura takalmi, cikin sanyin hunturu, in yi ta zagaye wajen Ƙofar Mata. Amma iskar Legas daban take. Gasar a watan Fabrairu ake yin ta, a shekarar da na shiga mun tashi ne daga babban filin wasa na Surulere da sassafe, kuma tun kafin rana ta ɗaga gumi ya jiƙa ni sharkaf. Gadar Third Mainland ce ta fi gwada ni: kusan kilomita 12 a kan ruwa, babu inuwa ko ta sisi, kana hangen ƙarshenta amma ba ta ƙarewa.

Wajen kilomita 33 cinyata ta ɗaure, na tsaya. Wani dattijo da ban sani ba, shi ma mai gudu, ya dafa kafaɗata ya ce mu taka tare. Haka muka yi, taku kaɗan gudu kaɗan, har Eko Atlantic, inda aka kammala gasar.

'Yan Kenya da Habasha sun daɗe da gamawa. Ni awa biyar da rabi na yi. Da aka rataya mini lambar yabo, wallahi sai da hawaye suka zubo, na kira mahaifiyata na kasa magana.